Guguwar Teku a Cikin Rediyon Baba

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na zama mai hasashen ruwan sama a ƙauyenmu ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, Allah ya sani, amma irin wannan abu ko kai ka sake shi, 'yan garinku ba sa saki.

Ina aji uku na sakandare a lokacin, makarantar je-ka-ka-dawo, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙafa daga ƙauyenmu ta wajen Dawakin Tofa. Shekarun fari ne. Damina biyu a jere gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone muna kallo. Da rana garin rogo muke jiƙawa, da yamma Inna ta yi mana kwaɗon busasshiyar tafasa, ta ce ai ya fi tuwo lafiya (ba ta taɓa kallon idonmu in tana faɗar haka). Abu ɗaya ya rage a gidan da za a kira dukiya: irin gero kwano uku a cikin tulu, an gauraya shi da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka, an tura ƙarƙashin gadon Inna. Ko ranar da aka wuni ba a ɗora tukunya ba, ba wanda ya kalli wajen.

Ni yarinya ce mai kunya ta fitar hankali. In malami ya kira sunana a aji, sai in ji kamar an kama ni da hannu a tukunyar miya. Amma ina da ido. Na san wace kaza ce ke satar yin ƙwai a akurkin wata, na san maɓalli na uku a rigar shugaban makarantarmu ba irin sauran ba ne. Abin da bakina ya kasa faɗa, a bayan littafin lissafi nake rubuta shi.

Baba kuwa yana da rediyo, baƙi, mai cin batir huɗu, wanda ya saya tun gyaɗa na da daraja. Batir ya yi wuya a shekarun, don haka kullum da hantsi sai ya jera su a kan katanga su sha rana, wai su farfaɗo. Bayan asuba da bayan la'asar yana kamo tashoshin ƙasashen waje a gajeren zango, ya ji labarin duniya. Bai yi boko ba, amma shi ya tsaya tsayin daka sai na yi, duk da yayansa, Baffa Tanko, yana cewa kuɗin littafi gara a ƙara a sayi akuya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata.

Abin ya faro ne daga darasin labarin ƙasa. Malam Isiyaku, wani siririn mutum mai son fita daga abin da ke cikin littafi, ya shigo aji ran nan da wata tsohuwar mujalla a hammata. Ya ce sararin sama hawa-hawa ne. Akwai inda gajimare yake, akwai inda jirgi ke bi, sannan can ƙololuwa, inda iska ta yi ƙarancin da ba ta shaƙuwa, akwai wani hawa da hasken rana ke cika shi da lantarki. Ya rubuta sunansa a allo, ayonosfiya, ya sa muka maimaita sau uku. Ya ce muryar gidajen rediyo na nesa ba miƙowa take yi ta zo mana ba. Sama take hawa, ta bugi wannan hawan, ta dawo ƙasa, kamar yadda murya ke dawo maka in ka yi magana a rijiya.

Daga nan ya shiga teku. Ya ce a kan teku mai ɗumi akan samu wata guguwa mai juyawa, faɗinta ya fi jiharmu gaba ɗaya. Tana tura iska sama da ƙarfi, girgizar ta yi ta hawa kamar zobban da ke bazuwa in an jefa dutse a kududdufi, har ta kai wancan hawan ta yamutsa shi. In ya yamutse, muryar rediyo ta kama rawa, ta ɓace, ta dawo. Ya ƙara da cewa hadarin nan da ke taso mana daga gabas ya wuce yamma, wani in ya isa teku shi ne ke girma ya zama irin wannan guguwa. Wato dangi ne.

An ce ya ci gaba da magana bayan nan. An ce ya faɗa cewa masana ba su gama binciken abin ba, kuma abubuwan da ke sa rediyo ƙara sun fi a ƙirga, kuma guguwar in ta tashi gaba take yi, ba wajenmu take dawowa ba. Ni ban ji ko ɗaya ba. Jikina ne kawai a kan benci, ni na riga na isa gida, domin sati biyu ke nan rediyon Baba yana wata irin ƙara da bai saba ba.

Lissafin da na yi a hanya mai sauƙi ne (kuma har yau ina jin kunyar yadda ya burge ni). Rediyo yana ƙara, ke nan sama ta yamutse. Sama ta yamutse, ke nan akwai guguwa a teku. Guguwa da hadarinmu dangi ne, ke nan in ɗaya ya motsa ɗayan yana kusa. Na ja layuka a bayan littafina, na shiga rubuta ƙarar kowace rana: kaɗan, da dama, sosai. Kwana tara ina yi. Kullum ƙaruwa take. Wani lokaci muryar mai karanta labarai ta yanke, wani lokaci a ji wani ƙas-ƙas kamar ana gudu a kan busasshen ganye. A ƙarƙashin rana ta tara na rubuta da manyan baƙaƙe cewa guguwa ta yi ƙarfi, na ja layi biyu.

Ban yi niyyar gaya wa kowa ba. Baba ne ya kama ni na manna kunne a jikin rediyon bayan ya tashi alwala.

"Uwata, me kika ajiye a ciki?"

Na sunkuyar da kai na zayyane masa komai, ina tona ƙasa da babban yatsan ƙafa. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Da na gama, tambaya ɗaya ya yi mini: kwana nawa? Ni kuwa ban taɓa tunanin kwanaki ba. Amma ya zuba mini ido yadda ake kallon likita, sai na ji bakina ya ce bai fi bakwai ba, in Allah ya yarda. Me ya sa bakwai? Ban sani ba. Ta yi mini kama da lambar masu ilimi.

A wajenmu akwai abin da ake kira binne. Mutum ya shuka irinsa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ta yadda ruwan farko zai tarar da shi a ciki. In an dace, geronka ya riga na kowa, kuma a shekarar da damina ke ɗaukewa da wuri, wannan 'yar tazarar ita ce bambancin mai girbi da mai kallo. In ba a dace ba, tururuwa da zabi su raba irin, kai ka tashi a tutar babu. A shekarar wadata ana yi ba fargaba, don akwai na sake shukawa. Mu ba mu da shi.

Inna ta ƙi. Ta ce ita ba ta ga alama ko ɗaya ba, iska har yanzu ba ta juyo ba, tsamiyar bayan gida ba ta yi toho ba, shamuwa ma ba ta zo ba.

Baba ya ce, "Shamuwa ba ta yi aji uku ba."

Inna ta dube shi, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Da hannunta ta fasa lakar bakin tulun, ta sheƙe tokar, ta miƙo masa.

Ranar Laraba da sassafe muka fita mu biyu. Baba yana gaba da sungumi yana sarar rami, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Kafin hantsi rairayi ya fara gasa mini tafin ƙafa, amma ban ji ba. Ji nake kamar ni na ƙirƙiro noma. Kwano ukun nan duka muka binne.

Gonakinmu a manne suke da juna, iyakar wani ita ce farkon wani, ba yadda za ka yi atishawa a gonarka maƙwabci bai ce maka yarhamukallahu ba. Kafin azahar kowa ya san Baba ya yi binne. Da aka tambaye shi dalili a ƙofar masallaci, bai ɓoye ba, ƙarawa ma ya yi. Kwana biyu bayan nan magidanta biyar suka ce su ma za su fasa tulunansu. Sai Mai unguwa ya aiko cewa kafin kowa ya taɓa irinsa, yana son ganin Baba bayan la'asar, ya zo da rediyon, ya zo da yarinyar.

Na roƙi Inna ta ce ba ni da lafiya. Ta ce ita ba ta ƙarya, ta yafa mini mayafinta.

A ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gidan Mai unguwa na tarar da maza sun kai ashirin a kan tabarmi, har da Liman. Ni ko gaisuwa ban taɓa yi wa maza uku a haɗe ba. Na cire takalmi, na durƙusa can nesa, da ƙwaryar Inna mai ɗan ruwa a ciki da tsakuwa ɗaya a hannu, don na shirya yin gwaji irin na makaranta. Sau uku Mai unguwa yana cewa in matso.

Da na fara bayani, ni kaina ba na jin muryata. Sai Baba ya zama sanƙirana. In na yi raɗa, shi ya ɗaga murya ya maimaita, da ƙarin gishirinsa. Na ce guguwar ta fi jiharmu faɗi, ya ce ta fi ƙasar nan da maƙwabtanta. Na ce Malam ya gani a mujalla, ya ce Turawa sun tabbatar. Baffa Tanko yana gefe yana sakace.

"To 'yar boko," in ji shi, "shi wannan hawan naku, a sama ta nawa yake?"

Na ce Malam bai faɗa ba.

"Ke kin taɓa ganin tekun?"

Na ce a'a.

"Malamin naku fa?"

Na ce an ce ya taɓa zuwa Ikko. Aka ɗan yi dariya. Liman ya gyara murya ya ce duba alamu ba laifi ba ne, kakanninmu ma suna duba tururuwa da taurari, amma sanin ranar saukar ruwa na Allah ne shi kaɗai. Kowa ya ce haka ne. Ya ce in ci gaba.

Na ajiye ƙwaryar a tsakiya, na jira ruwan ya kwanta, na saki tsakuwar. Zobba suka bazu har baki suka dawo. Na ga dattawa sun miƙo wuya, na ga kawuna suna gyaɗawa. Wallahi a nan Shaiɗan ya same ni. Wani abu ya taso mini daga ciki mai daɗi, muryata ta fito, na ɗaga kai na dubi mutane ido da ido karon farko a rayuwata. Na faɗi dogon sunan nan na allo, sau biyu, ba don ana buƙata ba. Har na ce "mu masu nazarin abin". Ni. Mai littafin lissafi.

Baba ya kunna rediyon. Ranar kuwa kamar ya san da taro, ya yi ƙarar da bai taɓa yi ba, muryar mai labarai tana shiga tana fita, ƙas-ƙas ɗin nan yana ta tashi. Na nuna shi da hannu na ce, "Kun ji ta ko? Ta kusa."

Akwai wani mutumin ƙauyenmu, Ɗanjuma, mai gyaran rediyo da agogo a kasuwar Dawakin Tofa. Dawowarsa ke nan, ya jingine kekensa ya tsaya a bayan mutane, ya karkata kai yana saurare. Ya nemi izinin Mai unguwa, ya karɓi rediyon daga hannun Baba. Bai yi komai ba sai ya kashe shi. Ya ɗora a kunne. Wurin ya yi tsit, kuma a cikin shirun nan, har daga inda nake durƙushe, na ji shi. Ƙas-ƙas-ƙas.

"Malama," ya ce da ni cikin ladabi, kuma ladabin ne ya fi ciwo, "ita guguwar, ko an kashe rediyo tana aiki?"

Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya kwance sukurorin baya ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su a kan hularsa, ya ɗaga murfin.

Kyankyasai. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Gari guda, da iyaye da 'ya'ya da jikoki, har da farare waɗanda ba su taɓa ganin rana ba. Suka zubo kan tabarmar Mai unguwa suka watsu ta ko'ina. Liman ya tattare babbar rigarsa ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba. Wani dattijo ya shiga dukan ƙasa da takalmi. Kajin gidan Mai unguwa, waɗanda su ma yunwar ta shafe su, suka rugo daga zaure suka faɗa tsakiyar taron, kafin a ce me sun share wurin tas.

Ɗanjuma ya hure cikin rediyon, ya share da gashin kaza, ya ce ɗumin ciki suke bi, su kwanta a kan wayoyi su haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Ya mayar da murfin, ya kunna. Muryar mai labarai ta fito tangaram kamar yana zaune tare da mu.

Baffa Tanko ya cire tsinken daga bakinsa ya ce, "To, alhamdu lillahi. Kaji sun cinye guguwa."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a ƙauyen gaba. Har Mai unguwa sai da ya share hawaye da gefen rawani. Na ja mayafin Inna na rufe fuska, ina addu'ar ƙasa ta tsage. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba, yadda ta mutu ne. A hankali ta riƙa raguwa, mutum ɗaya bayan ɗaya, domin kowa ya tuna abu guda: kwano uku suna cikin ƙasa.

Ta ƙarƙashin mayafin ƙafafun Baba kawai nake gani, da fason diddigensa. Ya karɓi rediyonsa, ya yi wa Ɗanjuma godiyar gyara, ya yi wa Mai unguwa sallama. Sannan ya ce, "Uwata, ɗauko ƙwaryar Innarki mu tafi." Ruwa ba abin zubarwa ba ne a shekarar, don haka na ratsa ƙauyen tun daga wannan kai har wancan, riƙe da ƙwarya a hankali kamar amarya, tsakuwar tana ciki.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Na gan su. Sau biyu a cikin kwanaki taran nan, ina manne da kunne, na ga wasu 'yan siraran gashi biyu sun leƙo ta hudar da murya ke fita suna motsi. Na sa yatsa na kore su na ci gaba da rubutu. Ni da ba abin da ke wuce idona. Ban rubuta su ba saboda ba sa cikin darasin Malam.

Inna ta riga mu jin labari (a ƙauyenmu labari ya fi mai shi sauri). Na wuce bayan rumbu na zauna. Can sai ga ta da kofin kunu, ta dire a gabana ta ce, "Sha, mai teku." Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan.

Da na gaya wa Malam Isiyaku, ya yi dariya har ya nemi kujera. Da na zo kan maganar iri, ya daina. Washegari ya hau keke har gidanmu ya ba Baba haƙuri. Baba ya ce masa ba shi ya riƙe sungumi ba, ya sa aka kawo masa ruwa.

Sai jira. Kullum kafin in tafi makaranta sai na biya gona na kori zabi. Zabi suna koruwa, tururuwa ba sa koruwa. In tsuguna in ga layinsu, kowace da ƙwayar gero ɗaya a ka, suna wucewa da abincinmu na baɗi cikin tsari da natsuwa. Na zuba toka, suka kewaye. Rana ta bakwai ta zo, sama fes kamar an wanke faranti. Ban fita ko ƙofar gida ba.

Sai da aka yi sati uku da 'yan kwanaki ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ke sa ƙasa ƙamshi. Kowa ya fita da irinsa cikakke ya shuka. Tamu gonar da ta tsiro, sai ka ce kan mai ƙesbi: nan tsiro, can fili, can fili. Ko rabi bai fito ba. Baba ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya, ya dawo gida.

Da lokacin rage tsiro ya yi, wata safiya ana yayyafi, muna gona ni da Baba, sai ga Baffa Tanko da dami a ka. Tsiron gero ne da ya cire daga gonarsa, da saiwarsa da ƙasarsa. Ya sauke a gabana ya ce ga saƙo daga teku. Ya ce da ban kai rediyon gaban jama'a ba, da gida biyar sun bi mu sun shiga uku, don haka a ganinsa bokon ya yi rana, ta bayan gida dai. Bayansa Ɗanjuma ya zo da nasa damin, sai ɗan aiken Liman, sai sauran magidantan nan. Kowa ya ajiye, ya yi tsokanarsa, ya wuce. Kwana uku muna dashe.

A rana ta ukun ne na samu bakin magana. Ina durƙushe ina danna ƙasa a gindin wani tsiro, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya miƙe ya dafe ƙugu, ya dube ni.

"Ke kin faɗi abin da kika ji a makaranta. Ni na yi shekara arba'in ina noma, na bi ki. Tsakanina da ke, wa ya kamata kaji su yi wa dariya?" Ya sunkuya ya ɗauki wani tsiron. "Gobe ki koma makarantar. Amma wannan karon ki ji darasin har ƙarshe."

Geron bai cika rumbu ba a shekarar, amma mun ci, kuma mun fitar da iri.

Daga baya na karanta, na ga abin da Malam ya faɗa gaskiya ne: guguwar teku tana iya girgiza sama har can inda muryar rediyo ke juyowa. Ban fasa yarda da wannan ba. Abin da na ƙara a kai shi ne, duk ranar da wani abu ya dame ni da ƙara, kuma na ji bayani mai girma yana taso mini, mai dogon suna, mai daɗin faɗa a gaban mutane, sai in fara kashe rediyon tukuna in saurara.